Ba a San Inda Yake Ba

Daga ɗakin kwanan ɗalibai

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya kai da mutanen gida baki ɗaya. Ya gwiwar? Yaya ta ce ka ƙi shan maganin da ta kawo maka daga asibitinsu, wai yana sa ka gyangyaɗi a shago. Don Allah ka sha, fankokin mutane ba guduwa za su yi ba. Ni lafiyata ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ihu a baranda kana cewa "wa ke magana?" har 'yan ɗakinmu suka leƙo suna zaton faɗa nake da wani. Takarda ta fi mana rufin asiri.

Ka sake tambayata wai me nake karantawa, tunda ba likita zan zama ba, ba kuma lauya ba. To ga amsa. A wannan zangon muna da darasi a kan siyasa da abubuwan nishaɗi. Waƙoƙi, finafinai, zanen barkwanci na jarida, wasannin talabijin, duk muna zama mu kalla, sannan mu yi ta musu a kan abin da suke faɗa game da masu mulki da waɗanda ake mulka. Na san za ka ce kallo ne kawai aka sa wa jarrabawa. 'Yan sashen lissafi ma haka suke ce mana.

Malaminmu yakan aro tsofaffin kaset daga ma'ajiyar gidan talabijin. Kwanakin baya ya kashe fitila ya kunna wani, sai ga ka a jikin bango. Kai ne, Kawu, kana saurayi, gashi baƙi wuluk, da 'yar hular nan da jakar masinja a kafaɗa. Ka shigo ofishin Darakta, ƙafarka ta harɗe da bakin kafet, ka zube, takardu suka watse, ka ɗago kai ka ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ce ta matso." Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce duk mai son ya gane yadda aka tafiyar da mutane a wancan zamanin, to ya fara da wasan nan naka na Tuntuɓe, don babu abin da ya nuna shi kamarsa.

A kansa na rubuta aikina na zango, kuma nawa aka zaɓa in karanta a taron sashenmu, a babban zaure, Alhamis ta ƙarshe a watan gobe. Ba wani gagarumin abu ba ne, mu ne da malamanmu. Na dai faɗa maka ne don ka daina cewa hira aka turo ni yi.

A gaida mai kemis na kusa da kai.

'Yarka.

*

Daga shago

Gardamau,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, gida ma lafiya. Gwiwa tana nan tana tsegumi in hadari ya haɗu, ban da wannan babu komai. Maganin yayarki kuwa ki ce ta ba marasa aikin yi.

Takardarki ta same ni ina tsakiyar kwance wata fanka da ta girme ki. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na kai wa mai kemis na ce idona ba ya gani, ya karanta da ƙarfi. Idona lafiyarsa ƙalau. So nake tela da mai aski su ji, sun kuwa ji. Mai askin da ke ce mini "tsohon wawa" tun da na kama shagon nan, ranar har shayi ya aiko mini.

Ashe da rabon a sa ni a bangon jami'a, ni da ko sakandare ban ƙarasa ba. Tun da gidan talabijin ya tsayar da wasan nan babu wanda ya sake nemana, ko da a ce zo ga kaset ɗinka ka ajiye. Yaran yanzu ba su san ni ba. Sai dai tsofaffi, in na zo tsallaka titi wani ya ɗaga hannu ya ce Tuntuɓe a yi a hankali. Da mahaifiyarki tana raye, Allah ya jiƙan ƙanwata, da ta ga inda abin da take yi mini faɗa a kai ya kai ni.

Mutane suna zaton zubewa kawai ake yi. A'a. Da kafaɗa ake sauka, a saki jiki, a bar jakar ta riga ka isa ƙasa don ƙarar ta fito daga gare ta. Babu katifa, siminti ne a ƙarƙashin kafet ɗin. Abin da ya ɗan ɗaure mini kai shi ne yadda kika rubuta aiki guda a kaina ba ki tambaye ni komai ba, ga labarai cike da cikina. Amma na san halinki tun kina ƙarama, ko igiyar takalmi ba kya yarda a ɗaura miki.

Yanzu ga magana, ki riƙe ta a cikinki. Zan zo. Na buɗe akwatin ƙarfe na samu hular, ta ɗan koɗe amma tana nan. Jakar ɓeraye sun taɓa ta, mai gyaran takalmi ya ɗinke. Kada ki gaya wa malaminku, so nake in ba shi mamaki. Mutumin da ya ce babu kamar wasan nan ya cancanci ya ga Tuntuɓe ido da ido, ba a bango ba. Kada kuma ki wahalar da kanki zuwa tasha, zan yi ta tambaya har in iso.

Kawunki.

*

Daga ɗakin kwanan ɗalibai

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Na kira ki har na gaji, wayarki ba ta shiga, shi ya sa na rubuto. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Na jawo wa kaina abin da ya fi ƙarfina. Kawu ya ce zai zo taron da zan karanta aikina, da hula da jaka. Yana zaton karrama shi za a yi. Yaya, ba yabon wasan na yi ba, ko Malam ba yabo ya yi ba. Da ya ce babu abin da ya nuna zamanin kamar wasan, nufinsa babu inda aka fi ganin yadda aka mayar da talaka abin dariya. Na san nufinsa sarai lokacin da nake kwafe maganar a takardar Kawu. Na yanke ta daidai inda za ta yi masa daɗi, don ina son in yi taƙama an zaɓi aikina, ba na kuma son in faɗi abin da ke ciki.

Abin da ke ciki kuwa shi ne, kowane mako masinja ne ke faɗuwa, Darakta yana tsaye da rigarsa a goge, a ƙarshe ya yi wa masu kallo nasiha su yi haƙuri su bi na gaba. Na rubuta cewa gwamnatin lokacin ce ke da gidan talabijin, kuma wasan ya koya wa mutane su yi wa kansu dariya maimakon su yi tambaya. Har yanzu ina ganin gaskiya na faɗa. Amma na kira ɗan wasan kayan aikin masu mulki.

Wannan ma da sauƙi. A sashenmu akwai ƙa'ida: in ka yi rubutu a kan mawaƙi ko ɗan wasa, kuma yana raye, dole ka je ka zauna da shi, ka ɗauki muryarsa, ka sa abin da ya ce ko da ya saɓa wa naka. Ba a ɗauke maka wannan sai in mutumin ya rasu, ko an neme shi an rasa. A nan babu wanda ya san kawuna ne. Ranar da aka kunna kaset ɗin na nutse a kujera, na tuna firamare, yadda yara ke sa mini ƙafa in na zo wucewa suna cewa "'yar Tuntuɓe, ƙasa ta matso". Da Malam ya tambaya ko akwai wanda ya san inda ɗan wasan yake, na yi shiru. Sai na rubuta a kusa da ƙarshen aikin cewa an neme shi an rasa, ba a san inda yake ba. Mutumin da ya riƙe mu tun rasuwar Mama, Yaya.

Don girman Allah ki hana shi zuwa. Ki ce gwiwarsa ba za ta ɗauki doguwar tafiya ba, ke ce ma'aikaciyar jinya, zai ji maganarki. Ko ki ce an ɗaga taron. Ni ba zan iya rubuta masa ba, na fara na yayyaga har kwandon shara ya cika.

Ƙanwarki.

*

Daga gida

Ke,

Gaisuwa dai ga ta nan. Muna lafiya, ƙaramin ya yi zazzaɓi ya warke.

Takardarki ta daɗe a kan firji tana jirana. An tura ni riƙon wani ƙaramin asibiti a ƙauye, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu, maigidan kuwa kin san shi, in sunana ne a bayan ambulan ko gobara ce a ciki ba zai buɗe ba. Da na dawo na karanta, ko takalmi ban cire ba na nufi gidan Kawu. Ya riga ya je ya dawo.

Wai ke wace irin mutum ce? Kina da hannun cika shafuka a kan yadda aka wulaƙanta talaka, ba ki da hannun rubuta wa tsoho "Kawu kada ka zo"? Sai ki ɗora mini, ni in je in yi masa ƙarya da rigar aikina. Firamaren da kike kuka da ita tare muka yi ta, ni ma an sa mini ƙafa, ban ga ta hana ni gaishe shi a tsakiyar kasuwa ba.

Bari in gaya miki yadda ya tafi, tunda ba ki gani ba. Tela ya ɗinka masa kakin masinja. Mai aski ya gyara masa gemu. Mutanen layin har tasha suka raka shi, mai kemis na riƙe da jakar. Matarsa ta ce kafin tafiyar rufe shago yake da wuri, ya dawo ya yi ta gwada faɗuwa a tsakar gida, tana roƙonsa ya bari.

Yanzu kuwa yana buɗe shago, yana rufewa, ba ya hira. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce taro ya yi kyau, alhamdu lillahi. Gwiwar ta kumbura suntum. Na duba ta, ba tsohon ciwon ba ne, sabon bugu ne. Ya ce matakalar mota ce. Na rubuta masa tambayar a takarda don kada ya fake da kunne, ya ninke ta ya sa a aljihu ya ci gaba da goge fanka.

Ki faɗa mini abin da ya faru a zauren nan, kuma kada ki yanke mini maganar inda za ta yi mini daɗi.

Yayarki.

*

Daga ɗakin kwanan ɗalibai

Yaya,

Na gode Allah da ƙaramin ya samu sauƙi. Ni jikina lafiya. Duk abin da kika faɗa na karɓa, ba ni da bakin musu, ni da ake kira Gardamau.

Da na ji shiru daga gare ki sai na ɗauka kin shawo kansa. Haka na so in ɗauka. Ranar taron na leƙa bakin ƙofar makaranta da safe ban gan shi ba, na ce shi ke nan.

Zauren ya cika fiye da yadda na zata. Shugaban sashe da malamai a layin gaba, ɗalibai har kan matakala. An haska hoton Kawu a bango a bayana, inda aka tsayar da kaset yana tsakiyar faɗuwa, takardu a sama. Na fara karatu, komai yana tafiya daidai, har na fara jin daɗin kaina. Na kai wajen da nake cewa ɗan wasan kayan aiki ne, sai ƙofar gefe ta buɗe.

Shi ne, da kakin, da hular, da jakar. Ya tsaya ya dubi zauren kamar yadda yake yi a wasan in yana neman Darakta. Ya tako, ya saƙala ƙafa a bakin kafet, ya tafi ƙasa. Jakar ta riga shi, ta buɗe, tsofaffin jaridun da ya yayyanka suka watse har gaban shugaban sashe. Amma bayan ƙarar jakar na ji wata ƙarar, ta gwiwa a kan siminti.

Babu wanda ya yi dariya. Wata ta ce "subhanallahi", wasu suka miƙe. Su a ganinsu wani tsohon masinja ne ya faɗi da gaske. Ya ɗan jima a kwance, na kuma san abin da yake jira. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ce ta matso." Ya faɗe ta da ƙarfi sosai, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Wasu a baya suka yi 'yar dariya ta rashin sanin abin yi.

Masu gadi suka ɗaga shi. Yana murmushi, yana nuna bango, yana nuna ƙirjinsa, amma wa zai haɗa saurayin da ke bango da tsoho mai furfura? Suna jan sa yana tirjewa, sai ya nuno ni ya ce, "Ku tambayi 'yata, ga ta can." Ɗaya daga cikinsu ya juyo ya ce, "Malama, kin san shi?"

Makirufo yana bakina, Yaya. I kawai zan ce. Na dubi takardata, na shiga gyara shafukan da ba su karkace ba. Shugaban sashe ya ce a fita da bawan Allah a ba shi ruwa, ni kuma in ci gaba. Na ci gaba. Shafi na gaba shi ne mai cewa an nemi ɗan wasan an rasa. Na karanta shi da bakina, yankakkun jaridunsa suna ƙarƙashin takalmina. Da na gama aka tafa mini.

Na fita da gudu. Masu gadi suka ce ya zauna a benci ya sha ruwa, ya cire hular ya sa a jaka, ya tambayi hanyar tasha. Kafin in isa motar ta tashi. Washegari Malam ya tsayar da ni a baranda ya ce abin ya tsaya masa a rai, anya dattijon nan ba shi ne na cikin kaset ba? Na ce ban lura ba.

Tun ranar ba na iya zama a ɗakin cin abinci, gani nake kowa ya sani, alhali babu wanda ya sani. Abin da nake ta tambayar kaina shi ne ko ya ji abin da nake karantawa kafin ya shigo. Ba zan ce ki tambayar mini ba, na daina aikenki.

Ƙanwarki.

*

Daga shago

Gardamau,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Kumburin ya sace, yayarki ta naɗe gwiwar da bandeji kamar za a aika da ita wani gari. Ta kuma tsare ni sai da na sha maganin, ga shi ina rubuta miki ina hamma.

Na jira takardarki ban gani ba, sai na gane fushi kike, kuma kina da gaskiya. Ni ya kamata in fara. Ki yi haƙuri, na ɓata miki ranarki.

A aikinmu abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ba a shiga sai an ba ka alama. Ni da na yi shekara da shekaru ina faɗa wa wasu haka, sai ga ni na faɗo miki tsakiyar magana kamar akuya ta shigo aji. Mota ce ta lalace mana a hanya, na iso a makare, na leƙa ta gilashin ƙofa na ga hotona a bango, ƙato, ke kuma a ƙarƙashinsa kina magana manyan mutane suna gyaɗa kai. Sai kaina ya kumbura, na ce yanzu ne. Na'urar da nake sa wa a kunne don in ji magana ma na cire ta tun a mota, don Tuntuɓe bai taɓa saka irinta ba. Saboda haka ko kalma ɗaya ban ji ba daga abin da kika karanta. Dariyar ma da ido na neme ta, ban samu ba.

Na ga lokacin da mai gadi ya yi miki magana kika sunkuyar da kai. Kada wannan ya dame ki. Yarinya tana gaban malamanta, tsoho ya zo ya baje a ƙasa da kayan wasa, ko ni ne sai na sunkuyar. A benci na zauna na dubi kakin nan a jikina, kunya ta rufe ni. Na faɗi a gaban mutane ba adadi, ban taɓa jin cewa faɗuwa na yi ba sai ranar.

Yayarki ta zo da ido ja tana son ta yi mini wani bayani, na ce ta bari, magana ce tsakanina da ke.

Alfarma ɗaya nake nema. Mutanen layi sun ishe ni da tambaya, me farfesa ya ce, me 'yarka ta ce. Na ce musu taro ya yi kyau, daga nan ba ni da abin ƙarawa. Ki aiko mini da aikin nan naki in karanta, in ba mai kemis ya karanta musu. Tunda ban samu ji da kunne ba, in gani da ido. In ba ki huce ba tukuna, ki aiko shi ko ba gaisuwa.

Kawunki.

*

Daga ɗakin kwanan ɗalibai

Kawu,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da ƙafa. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya.

Ba fushi nake ba, da ma a ce fushin ne. Kai kake ba ni haƙuri, ni kuwa tun da na karanta takardarka na rasa inda zan sa kaina.

Ga aikin nan a cikin ambulan. Ba zan ɓoye maka ba, sai da na zauna na buga wani daban, na cire duk abin da zai sosa maka rai, na ƙara yabo, har na kai shi bakin gidan waya, sannan na dawo da shi. Wanda ke hannunka shi ne wanda na karanta a zaure, ban sauya ko kalma ba. Don Allah kada ka ba mai kemis sai ka karanta shi kai kaɗai har ƙarshe.

Ba karrama ka aka yi ba, Kawu, kuma na sani tun ranar da na rubuta maka takardar farko. Sunkuyar da kan da ka gani ma ba don faɗuwarka ba ne. Tambayata aka yi ko na san ka, na yi shiru. Akwai layin da na ja wa jan biro a kusa da ƙarshe. Ƙa'idarmu ce a je a ji ta bakin ɗan wasa in yana raye. Na rubuta layin ne don kada a turo ni wurinka a gane kai wane ne a wurina.

Jiya na je ofishin Malam na faɗa masa komai. Ya cire gilashinsa ya ajiye a kan tebur. Sannan ya ce aikin ba zai karɓu ba sai an gyara, kuma ba shi ya kamata in fara ba haƙuri ba.

Ban san da wane baki zan ce ka yafe mini ba. In ka ga ba za ka amsa ba, ba zan ga laifinka ba.

'Yarka, in ka bar mini sunan.

*

Daga shago

Gardamau,

Gaisuwa. Muna lafiya, ƙafa ta fara taka ƙasa. Na san na daɗe ban amsa ba. Ba horo nake miki ba, karatun ne ya ɗauke ni lokaci. Ina jawo ƙofar shago rabi bayan azahar, in sa gilashi, in bi shi da yatsa. Kalmominku na jami'a wasu sun fi ƙarfin haƙorina, na tsallake su.

Abin da na gane, na gane. Kin ce a duk wasan Darakta bai taɓa faɗuwa ba. Na ajiye takardar na yi ta lalube a kaina ko zan tuna ranar da ko hularsa ta karkace, in zo in ƙaryata ki. Ban samu ba. Ni ina ciki ban taɓa lura ba, ke kina waje kin gani. Ban ji daɗi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni a zatona mutane sun dawo aiki a gajiye, ina sa su dariya su yi barci da sauƙi. In kuma akwai wanda ke amfana da barcin nasu, ban san shi ba, ba a kuma gaya mini ba. Kayan aiki kika ce. Na dubi sukundireban da ke hannuna na daɗe ina kallo. Ya yi zafi, amma ki bar shi yadda yake, ra'ayinki ne, kin kuma kawo hujja.

Mai kemis na ce masa aikin na malamai ne, ba a fitar da shi. Ya dube ni, bai sake tambaya ba. Mai aski ya koma kirana da tsohon sunan, hakan ma ya fi mini sauƙi.

Sai layin da kika ja wa jan biro. Shi na karanta ban iya komawa kansa ba. An nemi ɗan wasan an rasa. Na ɗaga kai na dubi shagon, ga fankoki, ga kujerar da kike zama kina aikin gida in kin taso makaranta, ga ni. Ranar ban ƙarasa aiki ba, na rufe na tafi gida, matata ta yi zaton ƙafar ce. Maganar mai gadi kuwa, da kin bar ni da abin da na zata. Amma kin faɗa, kuma wannan karon na ji sarai.

Batun yafiya, na yafe, ba zan riƙe ki a zuci ba. Sai dai kada ki ce in manta da wuri, tsoho ne ni, komai a hankali nake yi yanzu. In malaminku yana son murya, ki zo da hutu da na'urarki, ki rubuta tambayoyin manya-manya. Zan amsa waɗanda na sani. Hula da jaka kada ki tambaye ni, na ba da su.

Layin nan kawai za ki gyara mini. Ki rubuta cewa ɗan wasan yana raye, yana ƙarƙashin matakalar bene tsakanin kemis da shagon aski, yana gyaran fanka daga safe zuwa la'asar, kuma shi ne kawun mai wannan rubutu. In na ƙarshen ya yi miki nauyi, ki tsaya a kan fanka.

Kawunki.